Mu Haɗa Kuɗi Mu Sa Sola Ɗaya, Ko Kowa Ya Sa Tasa?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne shugaban kwamitin mazauna wani rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a Kano. Benenmu yana da gida 12, a gabansa kuma akwai jerin shaguna 8. Ginin duka na hukumar gidaje ne, mu 'yan haya ne, akasarinmu ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho. Wuta ba ta zama, man inji kuma ya fi ƙarfinmu. Wasu sun ce mu yi karo-karo mu sa sola babba guda ɗaya, wasu sun ce kowa ya ji da kansa. Wani mai sola ya zo ya ce da farantin sola 20 da batir 8 zai ɗauke mu gaba ɗaya. Wace shawara za ka ba mu?"

Wa alaikumus salam, Malam Shugaba. Allah ya taya riƙo, don wanda ke karɓar kuɗin shara da na maigadi daga hannun mutum ashirin duk wata ya san abin da ake kira haƙuri.

Idan na fahimce ka, kana so ka san ko haɗaka ta fi kowa ya yi nasa, da kuma ko lissafin da mai solar nan ya kawo zai ɗauke ku. Akwai tambaya ta uku da ba ka yi ba, wadda a wurina ta fi waɗannan nauyi: idan an kafa kayan, na wane ne, wa zai biya, kuma ta yaya za a raba wutar ba tare da zumunci ya lalace ba?

Amsata a gajarce ita ce haɗaka ta fi, musamman a gini irin naku. Shagunan suna shan wuta da rana, lokacin da faranti ke ba da ita kai tsaye, gidajen kuma suna sha da dare. Kaya ɗaya zai yi wa ɓangarorin biyu aiki, maimakon kowane gida ya sayi inbatarsa da batirinsa su wuni a zaune yana ofis. Amma haɗakar tana da sharuɗɗa, kuma idan kun ga ba za ku iya cika su ba, gara ku tsaya a kan solar burtsatse da fitilun tsaro kawai, sauran kowa ya ji da kansa.

Ba abin mamaki ba ne da maganar ta taso muku yanzu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ƙaramin inji ya zama kayan masu hali. A Afrilun 2024 kuma hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato ajin da aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Wanda ke ajin da ke ƙasa da Band A yana biyan ƙasa da haka, sai dai wutar ce ba ya gani. A ɗaya ɓangaren, farashin faranti ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya saboda yawan da masana'antun China ke fitarwa. Idan kana son ka gwada da inji, ga ma'auni mai sauƙi: babban janareta mai shan dizal yana ba da wajen yunit 3 a kan kowace lita. Raba kuɗin lita gida uku, ka ga abin da yunit ɗaya ke ci, ban da sabis da baƙin mai. Ƙaramin injin fetur ma bai kai yunit 3 a lita ba.

Lissafi kafin sayayya

Yunit ɗin da nake ta faɗa shi ne wanda mitar kati ke cirewa: abin da dutsen guga mai wat 1,000 zai sha idan ya yi awa guda a kunne. Duk maganar sola a kansa take tsayawa. Mai solar da ya ba ku adadin faranti bai tambayi yunit nawa kuke sha a rana ba, ciniki ya zo yi.

Bari mu yi misali da gida ɗaya mai matsakaicin hali. Ƙwan fitila 6 masu wat 9, awa 5, bai kai sulusin yunit ba. Fanka 3 masu wat 70, awa 10 a lokacin zafi, yunit 2 da ɗan ɗoriya. Talabijin na awa 5, kusan rabin yunit. Firji ɗaya, yunit ɗaya da 'yan kai. Cajin wayoyi ba a bakin komai yake ba. Jimla wajen yunit 4. Ka lura da inda wutar ta tafi: fanka ce ta cinye rabi, ba firjin da kowa ke zargi ba. Gida 12 sun tashi yunit 48. Shagunan, idan irin su tela, mai aski, kemis, mai POS da mai kayan masarufi ne, mu ba kowanne yunit 3, ya zama 24. Injin burtsatse na awa uku da fitilun tsakar gida, mu ce 6. Kun doshi yunit 80 a rana.

Yanzu faranti. Wanda aka fi samu a kasuwa mai wat 550 ne. Kano tana cikin wuraren da Allah ya hore wa rana, tana samun kwatankwacin awa biyar da rabi zuwa shida na cikakken haske a matsakaici. A takarda wannan faranti zai ba da yunit 3. A kan rufi kuwa, bayan zafi da ƙura da asarar da ake yi a waya da inbata da batir, ni da yunit 2.3 nake lissafi. Mutane da yawa suna ɗauka ranar bazara ce ta fi ba da wuta. Haske faranti yake so, zafi yana rage masa ƙarfi. An auna wat 550 ɗin ne a ma'aunin zafi 25, alhali a watan Afrilu jikin faranti yakan haura 60, kuma kowane digiri ɗaya yana zaftare wajen sulusin kashi ɗaya cikin ɗari. Kafin ka ankara kashi 12 sun tafi.

To, faranti 20 sau 2.3, yunit 46 ke nan. Buƙatarku 80. Sai faranti 35 kafin ku cike, kuma saboda hadarin watan Agusta da hazon hunturu, ni 40 zan sa, wato wat dubu 22, ko kilowat 22.

Batir 8 kuma, wane iri? Nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Ɗauki abin kamar ruwan gida: faranti shi ne famfon da ke zubowa, batir shi ne tanki, inbata kuma faɗin bututun da ke fitarwa. Wanda ya ce maka "tanki takwas" bai faɗi lita nawa ba, bai gaya maka komai ba. A lissafinmu, abin da za ku sha daga faɗuwar rana zuwa hantsi zai kai yunit 40. Dogon batirin nan mai ruwa, mai volt 12 da amfiya 220, yana ɗaukar yunit 2.6, amma rabi kawai ake so a ci idan ana son ya yi ƙarko. Guda 8 za su ba ku yunit 10 da rabi, ba za su kai ku ƙarfe goma na dare ba. Sai kun jera wajen 32. Idan kuwa litiyam yake nufi, mai yunit 5 kowanne, to 8 sun kusa, don shi ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na abin da ke ciki. Ni 10 zan ce.

Tsakanin biyun, a ginin haɗaka ba na ba da shawarar mai ruwa. Yana buƙatar a riƙa duba ruwansa, kuma abin da yake na kowa, babu mai dubawa. Ga zafi: batirin mai ruwa na dalma ne, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Na sha buɗe ƙarƙashin matattakala in tarar an cusa batura a ɗan lungu babu taga, iska mai yaji ta bugi hancina, kawunansu sun yi tsanwa da gishiri, cikinsu ya kumbura, tuntun da ke nuna ruwa ya nutse ƙasa tun ba yau ba. Masu gidan kuma suna ta tsine wa wanda ya sayar. Litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure caji dubbai, kuma yana da ƙwaƙwalwar da ke kashe shi kafin a tatse shi. Shi ma yana son ɗaki mai iska, ba wanda rana ke duka da yamma ba.

Inbata kuma, kada ku sa ƙatuwa guda ɗaya. Uku masu kilowat 8 da aka haɗa su yi aiki tare sun fi, don ranar da ɗaya ta lalace ba za ku kwana a duhu kuna jiran kaya daga Legas ba.

Rufin da ba naku ba

Faranti ɗaya yana da faɗin murabba'in mita 2.6 da nauyin kilo 27 zuwa 28. Guda 40 sun haura tan ɗaya ban da ƙarafan da za su zauna a kai, kuma suna son fili wajen murabba'in mita 140 idan an bar hanyar da mai wanki zai taka. Idan rufinku na kankare ne, da sauƙi. Idan kwano ne a kan katako, irin na rukunan da aka gina tun zamanin Shagari, sai mai ilimin gini ya hau silin da tocila ya ga abin da gara ta bari. Nauyin ma bai kai iska ban tsoro ba. Guguwar farkon damina da ke yaye kwano a unguwanni, idan ta sami faranti da aka ɗaure da waya ko aka kafa da ƙusa a jikin kwano kawai, da shi da kwanon za ta tafi. Sannan kowace huda da aka yi, idan ba a toshe ta da kyau ba, a ɗakin mutumin hawa na sama za ta zuba, kuma shi ne zai fara fita daga haɗakar.

Saboda haka a gidajen haya nakan fi son rumfar ƙarfe a ƙasa, a gaban shaguna ko wurin ajiye motoci, farantan su zama rufinta. Tana ƙara kuɗin ƙarfe, amma ba a taɓa ginin hukuma ba, wanki ya zo kusa, masu shago sun sami inuwa, kuma idan zama ya ƙare a kwance a tafi da ita. A fuskantar da farantan kudu, a karkata su digiri 10 zuwa 15, daidai da matsayin Kano, kuma ruwan sama ya riƙa gangarewa da datti. A je wurin da safe, a koma da la'asar, a ga inda inuwar tankin ruwa da darbejiya da dish ke faɗawa. Farantan da aka jera a layi ɗaya, inuwa a kan guda tana jan sauran ƙasa.

Ko rufi ko rumfa, kada a ɗora ko ƙarfe ɗaya sai da takardar izini daga hukumar gidajen, wadda ta faɗa ƙarara cewa kayan na mazauna ne, ba su zama ɓangaren gini ba. Izinin baki na wani jami'i yana ƙarewa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Wanki kuwa aiki ne na dindindin. A tsakiyar hunturu, mako guda ya isa ka rubuta sunanka da yatsa a jikin gilashin, kuma wutar tana raguwa yadda za ka gani a allon inbata. A wanke da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, ba omo, ba tsintsiya. A sa wa mai yi albashi a cikin lissafi. "Yaran gida za su riƙa yi" ba ya wuce wata biyu.

Inda haɗaka ke mutuwa

Yawancin solar haɗakar da na ga ta mutu, kayanta lafiyarsu ƙalau aka kafa su. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. An yi taro, an amince kowane gida zai biya kuɗi daidai wa daida duk wata, an kuma yi alkawari ba guga, ba hita, ba na'urar sanyaya ɗaki. Wata na farko kowa yana sa albarka. Sai sanyi ya shigo. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, uwar gida ta tashi za ta haɗa wa yara ruwan wankan makaranta, gas ya yi tsada, ta ce minti goma ne kawai, ta jefa hita a bokiti. Ba ta san maƙwabta huɗu sun yi wannan tunanin ba. Hita biyar masu wat 1,500, kilowat bakwai da rabi ke nan a kan batirin da ya kwana yana aiki ya kusa ƙasa. Inbata ta fara kuka tit-tit-tit, ta ɗauke. Firjin mai kemis da ke riƙe da allurai ya mutu tare da na kowa. Da gari ya waye babu wanda ya sa hita. Bayan wata uku, dattijo ɗan fansho mai ƙwai biyu da fanka ɗaya ya ce shi ba zai ci gaba da biyan daidai da mai firiza biyu ba, kuma gaskiyarsa. Ya daina, wasu suka bi shi. Ranar da batir ya nemi canji, asusu babu ko sisi.

Ban ga laifin matar nan ba, tsarin ne ya ba ta dama. Maganinsa uku ne, kuma dukkansu na waya da takarda ne, ba na wa'azi ba.

Kowane gida da kowane shago ya sami mitarsa ta kati, ya sayi yunit kafin ya sha. Irin waɗannan ƙananan mitoci suna nan a kasuwa, kuma ana iya saita musu iyaka, a ce gida ba zai ja fiye da wat 800 a lokaci guda ba. Wanda ya jefa hita, tasa ce za ta ɗauke, ta maƙwabci tana nan. Babu sauran zargi, babu taron gaggawa.

Sannan a raba layi a cikin kowane gida. Fitilu, fankoki, soket ɗin falo da na firji su koma layin sola. Na kicin, na hitar banɗaki da na na'urar sanyaya ɗaki su zauna a layin KEDCO kaɗai. Nakan sa a canja wa soket ɗin sola launi don baƙo ma ya gane. Wannan aikin yana cin kuɗi da lokaci fiye da yadda ake zato, domin a tsofaffin gine-gine sai an buɗe akwatin fis ake ganin abin da shekaru suka yi: waya ta ƙone an naɗe da leda, an ja wa shago wuta daga ɗakin wani, wayar ƙasa babu ita sam. Duk mai solar da bai buɗe akwatunan nan ba kafin ya yanka farashi, zai dawo neman ciko ko ya rufe ɓarnar ya tafi.

Na ukun shi ne farashin yunit, kuma a nan ake jin kunya a cuci kai. Mutane sukan ce ai rana kyauta ce, mu da muka sayi kaya me za mu biya kuma? Batir yana mutuwa a hankali tun daga ranar da aka kunna shi. Ku ɗauki kuɗin baturan, idan mai sayarwa ya ce shekara 10 ku yi lissafi da 8, ku raba a kan watanni 96. Ku yi wa inbata haka. Ku ƙara ladan mai wanki da na injiniyan da zai riƙa zuwa duba. Abin da ya tashi a wata, ku raba shi a kan yunit ɗin da ake sha a wata, shi ne mafi ƙarancin farashinku. Kuma tunda kayan nan da dala ake shigo da su, a sake duba farashin duk wata shida, in ba haka ba za ku tara naira shekara takwas ku tarar ba ta sayen rabin abin da kuka tara ta dominsa. Kuɗin ya zauna a asusun banki mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikin masu shago. Ina kuma ba da shawara a sa mace a ciki, don su ne ke gida lokacin da wutar ke aiki, su ne suka san abin da ke faruwa da ita.

Akwai dabara ɗaya da ke rage nauyin batir: a sa yunit ɗin rana ya fi na dare araha. Daga ƙarfe goma zuwa uku, bayan batura sun cika, wuta tana zubewa a banza. A lokacin ne za a tayar da burtsatse a cika tanki, mai ƙanƙara ya kunna firizarsa, mai guga ma ya yi gugarsa idan an ware soket ɗaya a tsakar gida. Mai walda da mai niƙa dai kada su shiga, ko sun ce za su biya ninki. Yadda injinansu ke fizgar wuta ba na wannan tsarin ba ne.

Ku ma'aikata ne, ana canja muku gari, ana ritaya, ana rasuwa. Wanda ya zuba kuɗinsa ya tashi bayan shekara biyu fa? A rubuta tun yau cewa karo-karon hannun jari ne, darajarsa tana raguwa kashi kaza duk shekara, kuma wanda ya gaji gidan ko kwamiti zai biya mai tashi abin da ya rage. Wanda ba shi da halin zuba jari kada a bar shi a duhu, a ba shi mita ya riƙa sayen yunit da ɗan ƙari a kan na masu jari. Wannan ya fi adalci ga 'yan fansho fiye da a matsa musu su ciwo bashi.

Idan kuɗin bai taru ba

Akwai hanyar da ba sai kun sayi komai ba: kamfani ya kawo kayansa, ya kafa, ya kula da su, ya riƙa sayar muku da yunit. Ba baƙon abu ba ne a Kano. Kasuwar Sabon Gari, wadda gobarar 2016 ta cinye dubban shagunanta, tana cikin kasuwannin farko da hukumar REA mai kai wuta karkara ta shigar a shirinta na ba kasuwanni wuta, tare da Ariaria ta Aba da Sura ta Legas. A Sabon Gari kamfani mai zaman kansa ya sa faranti, ɗan kasuwa ya biya abin da ya sha. Amfaninta shi ne ciwon kan batir ya koma wuyan kamfani. Illarta, yunit ya fi tsada, kuma gida 12 da shago 8 sun yi wa yawancin kamfanoni kaɗan. Idan za ku bi nan, ku jawo sauran benayen rukunin ku je a dunƙule. A yarjejeniyar ku nemi a rubuta awa nawa za a ba ku a rana, yadda za a ƙara farashi, da kwana nawa gyara zai ɗauka.

Idan saye za ku yi amma da biya sannu a hankali, ƙungiyar adashin ma'aikata ta wurin aikinku ta fi kusa. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuma ya tuntuɓi bankunan da ke aiki da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya.

Ni da a wurinku nake, hawa biyu zan yi. A fara da shaguna da burtsatse da fitilun tsaro: faranti 16, inbata ɗaya irin wadda ake iya haɗa ta da 'yan'uwanta daga baya, batirin litiyam biyu. Masu shago sun saba sayen mai kullum, biyan yunit ba zai yi musu ciwo ba, kuma za ku gwada kwamitinku a kan kuɗi kaɗan. Idan aka yi wata shida asusu yana tafiya daidai, a ƙara a shigar da gidaje. Kuma kada ku yanke layin KEDCO ko ku sayar da injin da kuke da shi. Tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, duk girmanta, haɗin faranti ce da batura da janareta. Wanda zai sayi batirin da zai ɗauke shi kwana uku na hadari a jere zai biya kuɗin da ba zai amfana da shi ba sai 'yan kwanaki a shekara.

Ta fuskar doka, Dokar Lantarki ta 2023 ta bar wa mutum damar samar da wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba, da rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba a wuri guda, ba tare da lasisi ba, kuma ku kuna ƙasa da haka nesa. Amma idan kamfani ne zai shigo ya sayar wa rukunin gaba ɗaya ta kan wayoyin KEDCO, ƙa'idojin NERC na ƙananan tashoshi sun tanadi yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: kamfanin, mazauna, da kamfanin rarraba wuta. Ni mai waya ne, takardun nan ku kai wa lauya ya karanta kafin kowa ya sa hannu.

Abin da ba a ragi a kansa shi ne kariya. Wutar da ke saukowa daga jerin faranti tana kai volt ɗaruruwa, kuma idan ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da sauƙi kamar ta NEPA, don haka tana da nata bureka na musamman. A sa abin kare tsawa, a binne sandar ƙasa ta gaske a auna ta, a yi amfani da wayar jan ƙarfe mai kaurin da ya dace. A tabbatar wutarku ba ta komawa kan layin waje idan an ɗauke, domin akwai ma'aikaci a kan fal ɗin da ya ɗauka layin a mace yake. A rataye abin kashe gobara a ƙofar ɗakin batir daga waje. Idan an gama, ku nemi hukumar NEMSA, mai duba ingancin ayyukan lantarki, ta duba aikin. Kasuwa kuma cike take da tsofaffin farantan da aka goge aka manna musu sabuwar takarda, da baturan litiyam da aka harhaɗa da ƙwayoyin da suka gama aiki a wata ƙasa. Araha ba ta ado. A buɗe kwali a gabanku, lambar jikin kaya ta dace da ta takardar garanti.

Duk alƙaluman da na kawo na misali ne, don ban ga gininku ba. Wataƙila gidajenku suna shan yunit 3, wataƙila 7, kuma wannan kaɗai zai iya ninka kuɗin aikin. Ban sa farashi da naira ba da gangan, domin kafin ka karanta wannan ya motsa. Abin da za ku fara yi a makon nan shi ne kowane gida da shago ya rubuta duk abin da yake kunnawa, wat ɗin da ke jikinsa da awannin da yake yi, wanda ke da mitar kati kuma ya duba yunit nawa ke tafiya a ranar da wuta ta wuni. Sai ku kira masu sola uku, har da wanda ya zo muku, ku ba su takarda ɗaya, kowa ya kawo nasa lissafin a rubuce da sunan kowane kaya da girmansa. Kowannensu ya kai ku wani aiki da ya yi wanda ya ga damina biyu. Idan kun je, ku bar mai ginin, ku tambayi maigadi da mai shagon ƙarshe ƙarfe nawa wutar ke ɗaukewa da dare, kuma idan an kira injiniyan kwana nawa yake yi kafin ya zo.